Malam Sodangi, Tafintan Baƙin Allo

Idan ka bi ta bayan tashar Dutsin-Ma da hantsi, za ka ga wani shago mai shuɗiyar ƙofa, tsakanin mai gyaran fanka da mai sayar da katin waya. Babu allon suna a kansa. Ba rashin hali ba ne, mai shagon ne dai bai taɓa damuwa ba. A nan Malam Sodangi yake. Kullum idan ya sha kokonsa sai ya turo mashin, ya jingine shi a gindin dalbejiya, ya share gaban shago da kansa, ya taka benci ya goge farantin sola. Sannan ya kunna kwamfutocinsa, tsohuwa da wadda ta fi ta tsufa, ya ɗaura tabarau ya zauna da kofin shayi. Kafin shayinsa ya huce wani ya yi sallama.

Yawancin mutanen gari sun ɗauka gyaran kwamfuta yake yi. Yana taɓawa, amma ba don shi na ɗauki alƙalami ba. Ainihin aikinsa tafinta ne, sai dai ba tsakanin mutum da mutum ba.

Bari in yi bayani don wanda bai sani ba. Kowa ya saba shiga intanet ta hanyar buɗe shafi, a danna nan a danna can. To akwai wata hanyar da ba ta da hoto, ba ta da abin dannawa. Allo ne kawai ake buɗewa, a rubuta umarni da hannu: je ka adireshi kaza, ga shaidata, ga abin da na aiko, kawo mini amsa. Wata 'yar manhaja mai suna curl ce take ɗaukar aiken. Inda rigimar take, allon ba iri ɗaya ba ne. Na kwamfutocin Linux, wanda ake kira Bash, da nasa ladabin. Windows kuma biyu gare ta, tsohon baƙin nan CMD da shuɗin PowerShell. Kowanne da yadda yake so a killace masa magana, da alamar da ake sa masa don ya san layi bai ƙare ba, sauran yana ƙasa. Umarnin da ya yi aiki lafiya lau a wannan, ka kwafa ka kai wancan, ko dai ya watso maka jan rubutu, ko kuma ya karɓa shiru ya aika rabi, wanda shi ne ya fi muni. Masu rubuta bayani a can birane kusan duk da Bash suke misali, mu kuwa kwamfutocin ofisoshinmu kusan duk Windows ne. A wannan tsakanin Malam Sodangi ya kafa kujerarsa shekara da shekaru.

Ɗalibai masu aikin kammala karatu suna zuwa, ma'aikatan ofis suna zuwa, har masu shagunan magani da ke aika bayanai sama. Ba shi da doguwar gaisuwa, Allah ya sani. "Zamna. Mi ka kawo?" Shi ke nan an gaisa. In ka miƙa masa waya ya ga ka tura umarninka a zauren WhatsApp da mabuɗin sirrinka a ciki, to ka shirya shan faɗa. Ba zai taɓa komai ba sai ka canza mabuɗin a gabansa. Na san wani da ya yi fushi ya fita, ya dawo bayan la'asar ya zauna a bencin nan kamar ba shi ba.

Ɗabi'arsa da ta fi ba mutane haushi kuwa ita ce madubi. Akwai wani adireshi a intanet da ba ya aikata komai, sai dai ya maido maka da abin da ka aiko masa daidai yadda ya isa. Shi ne Malam yake kira madubi. Duk umarnin da ya juya daga wannan allo zuwa wancan, komai ƙanƙantarsa, komai gaggawar mai shi, ba zai sake shi ga adireshin gaske ba sai ya fara jefa shi madubi, ya karanta abin da ya dawo da yatsa a kan gilas, ya gwada da na asali. Kuma a kwamfutar mai aikin zai yi, ba a tasa ba. Ana yi masa tsiya a kai. Mai gyaran fanka yakan ce ko sunansa aka tambaye shi sai ya leƙa madubi kafin ya faɗa. Malam ba ya ko ɗago kai.

Abin da ya sa na ce sai na rubuta wannan ya faru ne a ƙarshen wata damina, gero ya nuna ba a kai ga girbi ba. Labarin na same shi daga bakin mutum uku da abin ya faru a gabansu, kuma maganarsu ba ta saɓa ba.

Akwai wata ƙungiyar makiyaya da manoma mai ofis a Kurfi, wadda take aika wa mambobinta saƙon tes a waya: ranar rigakafi, labarin ruwa, kiran taro. Mambobin sun haɗa da na Rawayau da Kuki da Makera. Wani kamfanin saƙo ne yake riƙe da lambobinsu, kuma ba ya karɓar umarni sai daga layin intanet na ofishin. A makon da abin ya faru ne tsawa ta faɗa ta ƙona kwamfutar Linux ɗin da aka saba aikawa da ita. Abin da ya rage shi ne kwamfutar cinya ta sakataren ƙungiya, Alhaji Manu, mai Windows, da kwafin tsohon umarnin da aka rubuta don Bash.

A makon ne kuma ciwon huhu ya ɓulla a wani garke a dajin Rawayau. Duk mai shanu ya san ciwon nan. Saniya ta fara tari, ta sunkuyar da kai, ta buɗe ƙafafun gaba tana neman numfashi, daga nan sai ya bi garke. Likitar dabbobi, Dakta Khadijatul Kubra, ta yi faɗi-tashi ta samo allurar rigakafi, amma kaɗan ce, iya ta garkunan da ke kewaye da inda ciwon yake. Allurar tana ajiye cikin kular ƙanƙara, ƙanƙarar kuma ba za ta wuce hantsin washegari ba. Don haka dole a sanar da makiyayan Rawayau a ranar, su kaɗo shanu mashaya da asuba.

Garken da ya fi kowanne kusa da masu ciwon na wani dattijo ne, Yero. Shanunsa ba su da yawa, amma su ne abincin gidansa kaf. Matarsa Hasana da nononsu take cefane. Rugarsu tana cikin kwari, babu sabis ko ɗigo. Wayar Yero ba ta kama komai sai lokacin da ya hau tudun mashaya da rana ya shayar da shanu. Idan azahar ta gota ya gangara, to sai kuma gobe, lokacin an gama allura.

Alhaji Manu ya gwada liƙa umarnin a shuɗin allo, ya ga jan rubutu ya cika fuska, ya rufe kwamfutar ya kira Malam Sodangi. Malam ya kulle shago ya hau mashin zuwa Kurfi.

Ya isa rana ta take tsaka. Bai sha ruwan da aka miƙo masa ba, ya ja kujera. Juya umarnin bai ɗauke shi lokaci ba, abin da ya yi ne sau ba adadi. Ya sake killace maganar yadda PowerShell yake so, ya canza alamun ci gaban layi, ya jera su: layin adireshi, layin mabuɗi, layin saƙo, sai na ƙarshe mai cewa mazaɓar Rawayau kawai. Dakta tana tsaye a kansa, ido ɗaya a allo ɗaya a agogo. Sai ta ga ya goge adireshin kamfani ya sa wani.

"Malam, mene ne kuma wannan?"

"Madubi ne, Dakta."

"Haba Malam! An kusa kiran salla fa. Mutanen nan in suka bar mashaya babu mai samunsu. Ka tura kawai, ai na ga ka gama."

"Na gama rubutu. Ban ga abin da ya fita ba."

Alhaji Manu ya sa baki. "Malam, wanga aiki kai ne ubanshi. Yaushe ka taɓa kuskure? Don Allah danna."

"Alhaji, in ya tafi ba ya dawowa."

Gaskiya Dakta ta faɗa, kuma shi ma ya san gaskiya ce. Ga shi tun da aka yi tsawar nan layin ofishin yake jan ƙafa. Ya danna, aka zuba wa allo ido. Shiru. Ladan ya kira salla a masallacin bakin kasuwa, allon yana nan yadda yake. Dakta ta ce mini a lokacin ji ta yi kamar ta fizge kwamfutar daga hannunsa, kuma ba ta ɓoye masa ba. Ta ce, "Idan shanun mutane suka mutu, Malam, kai ka sani." Ya ce, "Na ji."

Can amsa ta dawo. Ya ɗora yatsa a gilas yana bi. Mabuɗi ya isa. Saƙo ya isa. Ya kai ƙasa, ya sake hawa sama, ya sake gangarowa. Babu Rawayau. Layin ƙarshe bai tafi ba sam. A ƙarshen layin da ke samansa hannun Malam ya bar ɗan fili bayan alamar ci gaba, fili da ido ba ya gani, allon kuwa ya ɗauka magana ta ƙare, ya aika abin da ya samu.

"Ni na yi shi," in ji Malam. "Hannuna ne."

Kamfanin saƙon nan, idan ba a faɗa masa mazaɓa ba, kowa yake aika wa. Alhaji Manu ne ya fara gane abin da hakan yake nufi, ya dafe kai yana salati. Da makiyayan Kuki da na Makera duk sun samu kira, da sun kaɗo shanu tun dare, ta burtalin da ya matse tsakanin gonakin da ba a girbe ba, zuwa daidai wurin da ciwo yake. 'Yar allurar nan ta ƙare a kan waɗanda suka riga zuwa, lafiyayyu su cuɗanya da masu ɗauke da ciwo, kowa ya koma gida da rabonsa. Ɓarnar gero da abin da kan biyo bayanta kuwa, ba sai na faɗa wa ɗan yankin nan ba.

Malam bai tsaya jimami ba. Ya haɗe umarnin duka ya zama dogon layi guda, babu wata alamar ci gaba. Sai kuma ya sake jefa shi madubi. Aka sake jira. Da Rawayau ta fito a cikin amsa, ya maida adireshin gaske ya danna.

Rahoto ya fara shigowa, wane ya samu, wane ya samu. Suka yi salla suka dawo suka duba. Kowa ya samu, ban da Yero. Ya riga ya gangara kwari.

Dakta ta zauna a kan benci. Ba za ta iya barin kular allurar ba, sai ta kwana tana canza mata wuri tana lura da ƙanƙara. Alhaji Manu ya fita neman ɗan acaba, duk wanda ya ji inda za a je sai ya girgiza kai. Hanyar ba a bin ta idan rana ta yi sanyi, kowa ya san ɓarayin daji ne dalili, kuma wanda ya shiga a lokacin ba zai fito ba sai gari ya waye. Alhaji Manu yana dawowa ya tarar da Malam yana naɗe ƙafar wando.

"Ina zuwa?"

"Ni na makarar da saƙon. Kwatanta mani rugar."

"Malam, da girmanka? Ba ka ma san dajin ba."

"Shi ya sa na ce ka kwatanta."

Mutumin da ya yi rayuwarsa a kan kujera, mai ciwon baya, mai tabarau kamar gindin kwalba, shi ne ya shiga hanyar Rawayau a ƙarshen damina. Mashin ya kafe a laka, ya sauka ya tura. Ya ɓata, wasu mata masu ɗaukar itace suka maido shi hanya. Takalminsa ɗaya yana can cikin taɓo har yau. Rana tana gab da faɗuwa ya hango bukkoki da hayaƙin da ake turara wa shanu.

Yero ya fito da sanda a kafaɗa, ya dubi baƙon daga sama har ƙasa. Bai taɓa ganinsa ba. Bayan sun gaisa ya ce, "Bawan Allah, lafiya? Wa ya aiko ka?"

"Baffa, saƙo ne na ƙungiya. Gobe da asuba a kai shanu mashaya, likita ta zo da allurar huhu."

"Ai a waya aka saba aikowa."

"An aiko. Ni na tsaida shi har ka bar tudu. Shi ne na biyo ka da shi."

Yero ya ce mini ya daɗe yana kallonsa, yana neman inda dabarar take, don zamanin nan ba kowane baƙo ake yarda da shi ba. Hasana ce ta raba gardama daga bakin bukka. Ta ce, "Mutum da ƙafa ɗaya ba takalmi, ka tsare shi da tambaya? Ba shi buzu ya zamna." Ta kawo masa ruwa ya wanke laka, ta dama masa fura. A nan ya kwana.

Da asuba suka kaɗa shanu, Malam yana tura mashin a bayansu don mai ya ƙare. Suka tarar da Dakta ta riga ta kafa teburinta, makiyayan Rawayau suna isowa garke-garke, kowa a nasa gefen. Tana duba shanun Yero ta ware wata jar saniya da ke tari ƙasa-ƙasa. Ta Hasana ce, wadda mahaifinta ya ba ta ranar da aka kai ta ɗaki. Dakta ta faɗa musu gaskiya, allura ba ta warkar da wadda ta riga ta kamu. Aka ɗaure ta nesa da sauran. Ba ta tashi ba, kuma Hasana ta yi kuka sosai. Sauran garken duk an yi musu allura, kuma sun tsallake.

Na tambayi Dakta ko yanzu me take gani. Ta ce har gobe tana nan a kan cewa lokaci ya ƙure a ranar, kuma har gobe tana gode wa Allah da bai saurare ta ba. Ta ce duka biyun gaskiya ne, in rubuta su haka.

A bana idon Malam ya gaza. Likita ya ce ya rabu da kallon allo in yana son sauran ganinsa. Ya miƙa shagon ga Malama Aisha Humaira, wadda ta koyi aikin a hannunsa, aka yi 'yar walima a gindin dalbejiyar nan. Ana cikin shan kunu sai ga Yero ya sauko daga motar kasuwa, shi da bai cika shiga gari ba. Ya ƙi zama. Ya tsaya a gaban mutane ya ce ya ware karsana ya ɗaura wa Malam habbanaye. Al'adar Fulani ce: ka ba amininka karsana ya riƙe, in ta haihu 'ya'yan nasa ne, uwar ta dawo gida. Ba kowa ake yi wa ba.

Malam ya rikice. "Baffa, ni ina zan kai saniya? Gidana ko akuya ba ta da wurin kwana."

"Tana nan cikin garke, ni zan kiwata maka. Amma taka ce." Sai ya juya wajen Alhaji Manu. "Alhaji, a sa lambarshi cikin masu shanun Rawayau."

Aka kwashe da dariya. Malam bai yi ba. Ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi da bakin riga.

Malam Sodangi, kai ne ka zauna tsakanin allo da allo ba tare da kowa ya san sunan aikinka ba. Kai ne ba ka yarda da hannunka ba ko da kowa ya yarda da shi, kuma da ka ga kuskure ka ce naka ne tun kafin a tambaya. Kai ne da saƙo ya makara ba ka ce laifin sabis ba ne, ka ɗauke shi ka kai da ƙafarka. Tafintan baƙin allo, mun gode. Allah ya saka da alheri, ya ƙara wa idon lafiya, ya sa karsana ta yi albarka.

Ku kuma matasan da kuka gaji allon nan, a Dutsin-Ma kuke ko a Kurfi, yanzu har manhajoji gare ku masu juya umarni cikin ƙiftawar ido. Ku yi amfani da su, babu laifi. Amma ku duba abin da ya fita kafin ku saki, don a ƙarshen layin nan akwai gonar wani da garken wani.

Makon jiya na leƙa gidansa gaisuwa. Muna zaune a zaure wayarsa ta yi ƙara. Ya kai ta kusa da fuska, ya nisanta ta, ya sake matso da ita, sannan ya miƙo mini. Saƙon ƙungiya ne, ana kiran masu shanun Rawayau su kai rigakafi ranar Talata. Na karanta masa. Ya ce in sake karantawa, na sake. Sannan ya ce in taimaka in nemo masa wanda zai goya shi a mashin, don shi yanzu ba ya ganin hanya, kuma ba zai bari a yi wa saniyarsa allura ba ya wurin ba.